Zama a Kan Ruwa Ba Tare da An Koma Ruwa Ba

Duk wanda ya taɓa jefa anka a lungun teku inda ƙananan jirage masu filafilai ke taruwa ya san abin da ke biyo baya idan rana ta yi ja. Kafin ka gama naɗe igiyoyinka za ka ji ƙarar ƙaramin inji, ga kwalekwalen roba ya nufo ka, mai shi yana ɗaga hannu yana murmushi: “Ku zo jirginmu da ƙarfe biyar, mu ɗan jiƙa maƙoshi mu kalli faɗuwar rana.” Ba da mugun nufi ya zo ba. Haka masu zama a jirgi ke yi wa baƙo maraba, kuma ɗabi'ar ta daɗe. Rundunar ruwan Birtaniya ma sai ranar 31 ga Yulin 1970 ta daina raba wa matuƙanta barasa kullum a matsayin haƙƙinsu. Ga wanda ya bar shaye-shaye yana lallaɓa kwanakinsa ɗaya bayan ɗaya, wannan gayyata za ta zo yau, gobe ma za ta zo, daga wani jirgin daban.

Ina zaune a jirgi mai tsawon mita 11, kuma na riga na ajiye kwalba kafin in hau shi. Masu shirin irin wannan rayuwa sukan tambaye ni wace na'urar sadarwa ta tauraron ɗan Adam za su saya, Starlink ko Iridium. Nakan mayar musu da tambaya: idan ka yi shiru kwana biyu, wa zai lura? Da wannan mudun zan auna duk hanyoyin da ke ƙasa, domin na ga mai intanet mai gudu kamar ruwa ya koma ruwa babu wanda ya sani, na kuma ga mai 'yar na'urar saƙo kamar akwatin ashana ya ƙetare teku lafiya.

Kafin a shiga kwatanci, akwai wanda bai kamata ya kwance igiya ba tukuna. Wanda har yanzu yake shan barasa kullum, yana tunanin idan ya yi nisa da shaguna jiki zai haƙura, yana wasa da ransa ne. Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe rawar jiki da zufa ke farawa, jijjiga kan iya zuwa cikin kwana biyun farko, ruɗewa da gane-gane kuma wajen kwana na biyu zuwa na huɗu, kuma wannan matakin yana kisa. A asibiti ana shawo kansa. A tsakiyar teku, inda jirgin ceto mai saukar ungulu ba ya wuce 'yan ɗaruruwan mil daga gaɓa, babu mai shawo maka shi. Masu shan ƙwayoyin sa barci irin su diazepam su ma wannan haɗarin na kansu idan suka yanke lokaci guda. A yanke sha a hannun likita, a kan tudu. Sauya wuri kuma ba ya sauya mutum. Duk tsibirin da ka sauka, kai ne za ka fara sauka a cikinsa.

Zuwa da ƙafa

Hanya mafi tsufa ita ce ka ɗaure jirgi ka tafi inda ake zama ido da ido. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta masu neman daina shan barasa, wadda aka fi sani da AA, ta soma ne a 1935 a garin Akron na jihar Ohayo, da mutum biyu, kuma yanzu tana cikin ƙasashe kusan 180. Takwararta ta masu ƙwaya, NA, an kafa ta a Kalifoniya a 1953. Ba labarin baki kaɗai ke bayansu ba: a 2020 cibiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta tattara bincike 27 da suka ƙunshi mutum sama da 10,000, ta gano cewa shirye-shiryen da ke haɗa mutum da AA bisa tsari sun fi wasu sanannun hanyoyin jinya riƙe mutane ba tare da sha ba, kashi 42 cikin 100 bayan shekara guda, a kan kashi 35.

Abin da ɗaki ke bayarwa wanda waya ba ta bayarwa shi ne fuska. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ka shigo ka ce lafiya lau kake, wata dattijuwa da ta shekara ashirin ba ta sha ba ta dube ka ta ga ba ka yi barci ba, ta tsare ka a bakin ƙofa bayan an tashi. Ranar da ba ka zo ba kujerarka tana nan wayam, kowa ya gani.

Wahalarsa kuwa sai mai jirgi. Zaman ƙarfe bakwai na dare ne, kai kuma kana kan anka mil guda daga gaɓa. Ka sauke kwalekwale, ka sa fitila a goshi, ruwa ya jiƙa maka wando kafin ka kai, ka ɗaure da sarƙa da kwaɗo, sannan ka nemi mota zuwa cikin gari, domin ba kasafai ake zama a bakin ruwa ba. Abin da ke bakin ruwa mashaya ce, ita ce ma wurin farko da za ka bi ta gabansa. Idan iska ta tashi ba za ka bar jirgi ba, don tsoron kada anka ta ja. Ga harshe: Meziko na cikin ƙasashen da AA ta fi yawan rassa a duniya, amma da Sifaniyanci ake yi. Ni dai na zauna a zaman da ban gane ko kashi ɗaya cikin goma ba, kuma na fita da sauƙi a ƙirji, sai dai ba zan ce wa sabon shiga ya dogara da wannan ba. Ga kuma biza: wanda ba ɗan Turai ba, kwana 90 cikin 180 kawai yake da su a yankin Shengen, wato daidai lokacin da mutanen wani reshe a Sifen ko Girka suka fara sanin sunanka, lokacin za ka ɗaga anka.

Akwai lokacin da wannan hanya ke yin daɗi. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, lokacin guguwar Atlantika, jirage kan taru su zauna wata da watanni a wurare irin su Girenada, Tirinidad da kogin Rio Dulce na Gwatemala. Inda jirage suka taru haka, akan yi zagayen sanarwa da safe ta rediyon oba-oba na jirgi, wanda ake kira VHF: yanayin iska, mai sayar da tsohuwar anka, mai neman bakanike. A tsakiyar wannan za ka iya jin an ce “Friends of Bill W.”, wato abokan Bill W., za su haɗu a wuri kaza. Bill W. ɗaya ne daga cikin mutum biyun Akron, kuma da wannan laƙabin 'yan AA ke kiran juna a bainar jama'a, har a manyan jiragen yawon buɗe ido. Idan ba ka ji an yi sanarwar ba, kai ka yi. Mutum biyu sun isa zama. Ka dai sani cewa rediyon nan kowa na ji, daga nan har mil 20 ko fiye, kuma sunan jirginka kake faɗa. Al'ummar masu jirgi ƙarama ce, labari yana riga ka isa tsibiri na gaba. Wanda sirrinsa ke da tsada a wurinsa ya yi lissafin wannan.

Zaman intanet

Tun 2020, da annobar korona ta rufe ɗakuna, zaman Zoom ya yawaita har ya zama babu awa a cikin yini da ba a yin wani a wani wuri. AA na da jerin zamanta na intanet, NA ma haka. Wanda tsarin matakai goma sha biyu na AA da NA bai kwanta masa ba yana da SMART Recovery, wadda aka kafa a 1994, mai koyar da dabarun sarrafa tunani da ƙwaɗayi ba tare da batun tsohon hannu mai riƙe wa sabo hannu ba. Rassanta na ido da ido ba su da yawa a wajen Amurka, Birtaniya da Ostireliya, saboda haka ga mai jirgi kusan ta intanet ce kawai. Akwai kuma Millati Islami, wadda ta soma a Baltimo a 1989 ta ɗora matakan a kan koyarwar Musulunci.

Muddin kana bin gaɓa, layin waya na ƙasar da kake ya wadatar. Sabis kan kai mil 5 zuwa 10 cikin ruwa, wani lokacin fiye. Zaman awa guda da murya kaɗai bai fi megabait 40 ba. Da hoto yakan haura rabin gigabait. Da ka yi nisa sai tauraron ɗan Adam. Starlink, mai taurari a nisan kilomita kusan 550 daga ƙasa, ya sauya rayuwar masu jirgi daga 2022: kana tsakiyar Atlantika kana ganin fuskokin mutanenka sarai. Amma yana da ci. Farantinsa na yau da kullum kan ja wat 50 zuwa 100, gwargwadon samfurinsa. A bar shi kunne yini da kwana a kan wat 60, an sha wat-awa 1,440, abin da ya fi cin firjin jirgi nesa ba kusa ba. Ƙaramin da ya fito a 2024 yana jan wat 25 zuwa 40, kuma idan awa guda za ka kunna don zama, batir ba zai ji ba. Datar cikin teku ta fi ta gaɓa tsada, sharuɗɗanta na yawan sauyawa, wasu ƙasashe ba su yarda a yi amfani da shi a ruwansu ba, kuma tsawa ɗaya ko ruwan gishiri a cikin mahaɗin waya ya isa ya kashe shi. Kwana uku na gajimare, farantan sola ba su cika batir ba, dole ka zaɓa tsakanin na'urar tuƙi da intanet, kuma na'urar tuƙi za ka zaɓa.

Duk wannan ƙaramar matsala ce idan aka kwatanta da wadda ni na faɗa ciki. Da na samu intanet mai kyau sai na riƙa shiga zama kusan kullum, yau na wannan gari, gobe na wancan, kyamara a kashe, ina wanke kwanuka ina saurare. Wata biyu ina haka, ina jin ni mai ƙoƙari ne. Sai wani mako ban shiga ko ɗaya ba, kuma wayata ba ta yi ko tari ba. Mutum ɗari uku sun ji muryata, babu wanda ya san na ɓace. Wanda zai dogara da intanet ya zaɓi rukuni guda ya zama ɗan gida a cikinsa, ya kunna kyamara, ya kuma karɓi aiki, ko da buɗe wa mutane ƙofar shiga ne ranar Talata, ta yadda rashinsa zai ɓata wa wani shiri. Ya kuma duba agogo: kowane digiri 15 da ka yi yamma awa guda ta zame, zaman da kake yi bayan cin abincin dare a tsibiran Kanari zai faɗo maka da la'asar a Karebiyan, a tsakiyar Fasifik kuma da safe. Sannan jirgin mita 11 ba shi da ɗakin sirri. Abin da ka faɗa a gaba ana ji a baya. Nakan sa abin kunne in zauna a goshin jirgi, iska ta kwashe maganar.

Intanet ɗin da ke kawo zama kuma shi ke kawo caca da lambar dillali. Wanda jarabarsa ta caca ce ya yi tunani sau biyu kafin ya kafa faranti a jirgi.

Harafi 160

Iridium taurari 66 ne da suka lulluɓe duniya har ƙuryoyinta biyu. Ƙananan na'urori irin su Garmin inReach suna aika saƙon rubutu mai harafi 160 ta cikinsu, batirinsu na kwanaki, suna shiga aljihu, suna shiga jakar ceto idan an bar jirgi. Iridium GO! na farko, na 2014, gudunsa kilobit 2.4 ne a daƙiƙa: imel maras hoto da kiran murya, babu zancen Zoom. A takarda wannan hanya ce mafi talauci. A wurina ita ce ginshiƙi.

A AA da NA sabo yakan nemi tsohon hannu da ya riga shi dainawa ya riƙe masa hannu. Zan kira shi jagora. Kafin in ƙetare daga Las Palmas na tsibiran Kanari zuwa Karebiyan, tafiyar mil 2,700 na teku da kan ɗauki kwana 18 zuwa 21, muka yi yarjejeniya da nawa: saƙo ɗaya kullum a ƙayyadadden lokaci da agogon GMT, don kada sauyin awa ya rikita mu. A ciki zan ba da maki daga 1 zuwa 5 a kan abubuwa huɗu da 'yan AA ke gargaɗi a kansu: yunwa, fushi, kaɗaici, gajiya. Idan ya ji shiru kwana biyu, zai rubuta wa abokin tafiyata kai tsaye ya tambaye shi gaskiya.

Dare na goma sha biyu, ƙarfe uku, ina kan gadi. Karɓa-karɓar awa uku-uku muke yi, ban yi barcin kirki ba tun da muka tashi, mun yi cacar baki a kan rage filafili, tukunyar abinci ta kife. Ina zaune ɗaure da igiyar tsaro sai na tuna cewa wani maƙwabci ya ba mu kwalba ta bankwana, kuma na san daidai akwatin da take. Na rubuta da yatsa mai sanyi: “Yaya, 4, 5, 3, 5. Akwai kwalba a jirgi.” Minti goma sha ɗaya na yi ina kallon 'yar fitilar na'urar. Amsa ta zo: “Ɗan'uwa, tashi abokinka ka ba shi ya zubar. Ci wani abu. Rubuto min bayan ka ci.” Na tashe shi. Bai ji daɗi ba, amma ya zubar.

Raunin wannan hanya a fili yake. Mutum ɗaya ka rataya a wuyansa, shi ma yana barci, yana rashin lafiya, yana iya zamewa. Saboda haka a sa mutum biyu ko uku a nahiyoyi daban-daban, a koya musu yadda ake amsa saƙon tun ana tudu, a gwada. Kuma rubutu yana ɓoye ƙarya fiye da fuska. Kiran murya na minti biyar sau ɗaya a mako yana toshe wannan ɓarakar.

Masu tsohon rediyo mai dogon zango na SSB suna iya aika imel ta SailMail ko Winlink, aikin ɗaya ne, sai dai ba zan ce wa kowa ya kafa shi don wannan kaɗai ba. Hanyar rubutu ma ta girmi duk waɗannan na'urori. A 1946 wani kyaftin ɗin jirgi da tarihin AA ke kira Kyaftin Jack ya rubuta wa ofishin ƙungiyar a Niyok yana neman 'yan'uwa a tashoshin jiragen ruwa, kuma daga nan aka samu zaman wasiƙa na matuƙa da mazauna wuraren da babu reshe, wanda ake kira LIM. Har yanzu ana iya rubuta wa ofishin a nemi shiga.

Likita, magani da kwastan

Nan ne zaɓi ke ƙuntata, kuma nan ne na ga mutane sun fi yin sakaci. Mai ba da shawara ta bidiyo yana da amfani, amma lasisinsa na da iyaka; a Amurka, alal misali, jiha-jiha ake bayarwa, yana iya cewa ba zai gan ka ba da zarar ka fita. A tambaye shi tun kafin tafiya.

Magunguna ba ɗaya suke ba a jirgi. Acamprosate, mai taimaka wa wanda ya daina barasa kada ya koma, ƙwaya ce sau uku a rana, ba ta son firji, ba ta cikin magungunan da ake sa wa ido a kan iyaka. Ita ce mafi sauƙin tafiya. Naltrexone, mai rage ƙwaɗayin sha, ta baki sau ɗaya ce a rana, ta allura kuma wata-wata, ana ajiye ta a firji, ma'aikacin lafiya ke yi. Amma tana toshe aikin morphine da tramadol, waɗanda su ne ke cikin akwatin maganin jirage masu ƙetare teku. Idan ƙarfen filafili ya karya maka hannu kwana goma daga gaɓa, dole a ce likitanka ya riga ya tsara abin da za a ba ka. Disulfiram tana sa jiki ya yi mummunan bore da ko ɗigon barasa, har wanda ke cikin ruwan kurkure baki, kuma nesa da asibiti ba na son wannan cacar. Methadone da buprenorphine, magungunan jinyar jarabar ƙwayoyi dangin morphine, suna ceton rai, amma suna ƙarƙashin yarjejeniyoyin duniya na 1961 da 1971. Ƙasashe da yawa na kwana 30 kawai suke bari a shigo da shi, da takardar likita. Takardar ɗaukar magani ta yankin Shengen ita ma ta kwana 30 ce. Japan sai da izini tun kafin isowa. Rasha ta haramta jinya da su. Kowane sabon tsibiri sabon kwastan ne. Wanda ke kan waɗannan ya zauna cikin ruwan ƙasa guda kusa da asibitinsa, kada ya yanke magani don mafarkin Fasifik. Wanda ya daina ƙwaya watanni kuma ya sani jikinsa ya manta. Adadin da yake sha a da yana iya kashe shi yanzu, don haka naloxone, maganin farfaɗo da wanda ya zarce kima a ƙwayoyi dangin morphine, ta kasance a jirgi, kowa ya san inda take. Akwatin magani mai ƙarfi a kulle shi, makulli a wuyan wani. A kuma rubuta lambar cibiyar CIRM ta birnin Rum, wadda tun 1935 take ba jirage shawarar likita kyauta dare da rana.

Abokin tafiya, ko mata ko miji, yana iya riƙe makulli, yana iya yarda jirgi ya zama babu barasa ko ta baƙi. Kada a mai da shi jagora. Wanda kuke faɗa da shi a kan filafili ba shi za ka kai wa ƙarar fushinka ba.

Wa ya dace da wace

Wanda bai cika shekara da dainawa ba, ni dai shawarata ya zauna a jirginsa a ɗaure a tasha ɗaya, ya riƙa zuwa zama da ƙafa, ya fita yawon yini ko na ƙarshen mako ya dawo. Ya samu ruwan, bai rasa mutanen ba, kuɗin Starlink kuma ya saya wa jirgi sabuwar sarƙa. Wanda ya kafu yana bin gaɓa, layin waya da rukuni guda na intanet da yake da aiki a ciki sun ishe shi, ya ƙara da neman ɗaki duk garin da ya kwana uku, ya kuma tsara watannin guguwa a inda ya san akwai zama. Mai ƙetare teku ya fara sayen 'yar na'urar saƙo ya ɗaura yarjejeniya da mutum biyu. Idan kuɗi da batir sun ragu, ya ƙara Starlink a kai. Mai tafiya shi kaɗai, ba abokin da zai tasa ƙarfe uku na dare, shi ne na fi jin tsoro wa, kuma zan so ya daɗe yana bin gaɓa kafin ya yi nisa.

Gayyatar ƙarfe biyar kuwa ina amsa ta, don wanda ya ƙi jama'a a kan ruwa kaɗaici zai cinye shi. Ina zuwa da abin shana a hannu, kofi na cike tun kafin a tambaye ni. Ina zuwa a kwalekwalena, ba na bari a ɗauko ni. Kuma nakan jira sauran su gama ɗaurewa, in ɗaure nawa daga can waje, inda ba sai an matsar da na kowa ba idan na miƙe da ƙarfe shida da rabi.